Wace manhaja za mu amince mata da sirrinmu?

Mai Albasa (Mile 12): Assalamu alaikum jama'a. An ƙwace WhatsApp ɗin ƙanena. Wani ya kira shi wai daga ƙungiyar 'yan kasuwa, ya ce ya karanto masa lambobi shida da aka turo. Yanzu ana ta roƙon kuɗi da sunansa. A taimaka da shawara.

Injiniya: Wa'alaikumussalam, Allah ya kiyaye gaba. Ya sake shigar da lambarsa, za a turo masa sababbin lambobi ta tes, yana sakawa ɓarawon zai fita. In ɓarawon ya riga ya sa nasa PIN, wato lambar sirri ta matakin tsaro na biyu, sai haƙurin kwana 7. Don Allah kowa ya shiga saitin asusu ya sa nasa PIN yau ɗin nan.

Maman 'Yan Biyu (Idi-Araba): Ni fa na ji ana cewa Telegram ya fi aminci.

Injiniya: A'a Hajiya. Hirar yau da kullum a Telegram tana ajiye a kwamfutocin kamfanin. Kulle daga waya zuwa waya, wanda ke hana kowa karanta saƙo sai kai da wanda ka tura wa, sai ka buɗe hirar sirri da kanka, kuma zaurukan Telegram ba su da shi.

Ɗan Agege: Ni Signal nake ba da shawara. Rubutun da aka gina ta da shi a buɗe yake, duk masanin da ya ga dama zai duba ko an ɓoye wani abu a ciki. Gidauniya ce ke riƙe da ita, ba ta neman riba, ba talla. WhatsApp ma tsarin kullenta ya ara, ya kammala sa shi a 2016. Sai dai WhatsApp ya san da wa kake magana da kuma yaushe, ko da bai ga saƙon ba.

Mai Albasa: Ƙanena, masu turo mini kaya daga Aliero ba su san wata Signal ba.

Ɗan Agege: Gaskiya ne Alhaji. A bar ciniki a WhatsApp, maganar iyali da hoton takardu a mayar Signal. Kuma a kunna kullen ajiyar hira da ke tafiya Google Drive, ba a kunne yake zuwa ba.

Baba Mai Goro: Ku ƙara da manhajojin bashi. Maƙwabcina ya ba wata izinin ganin lambobin wayarsa, ya makara da biya, har surukinsa aka tura wa saƙon cin mutunci. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Malama (Obalende): Baba, akwai dokar kare bayanai ta 2023, ana kai ƙara hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC. Ni kuma a manhajar Bitwarden nake ajiye kalmomin sirri, kyauta ce, ita ma a buɗe take. In za a kai waya gyara kasuwar wayoyi ta Computer Village, a cire layi da memori tukuna, musamman layin da ke haɗe da banki.

Maman 'Yan Biyu: Injiniya, ina ake samun wurin kullen ajiyar nan? Na duba ban gani ba.

Injiniya: Saiti, sai hira, sai ajiyar hira, Hajiya. Ki rubuta kalmar sirrin a takarda ki adana, in ta ɓata ko kamfanin ba zai iya buɗe miki ba.