Zane-zanen rawaya a ganyen masara: ciwo ne ko yunwar taki?

Manomin Ngong: Salamu alaikum 'yan'uwa. Masarar da aka shuka a makare a wajenmu ta fito da zane-zanen rawaya masu yankewa, suna bin jijiyar ganye. Ta tsumbure, taki bai tashe ta ba. Wane magani za a fesa?

Malamin Gona, Garwa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka ɓata kuɗinka, wannan cutar zanen ganye ce, kuma feshi ba ya warkar da wadda ta riga ta kamu. Wani ɗan ƙwaro mai tsalle ke ɗauko ta daga ciyawa da tsohuwar masara. Duba sabon ganye: in kowane ya fito da zanen, ita ce. Yunwar taki galibi daga ganyen ƙasa take farawa. Illar ta fi muni in masara ta kamu cikin makonni 3 na farko, sai ta ƙi yin goyo. Tuge waɗanda suka kamu da wuri haka, ka nome ciyawar gefen gona.

Mai Iri, Pitoa: Maganin na baɗi ne. A shuka da wuri, a lokaci ɗaya da maƙwabta. A nemi iri mai jure wa cutar a IRAD, cibiyar binciken aikin gona ta Kamaru. Waɗanda IITA, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa da ke Ibadan, ta inganta sukan ɗauki SR a sunansu, wato masu jure cutar zanen ganye. A cuɗa ƙulli ɗaya na maganin iri Apron Star, giram 10, da iri kilo 4.

Manomin Ngong: Alhaji, to irin da zan ajiye daga gonar fa?

Mai Iri, Pitoa: Cutar ba ta bin ƙwaya, amma wannan irin ya nuna ba shi da juriya. Canza shi. Mai juriyar ma, in ba a nisanta shi da wata masara kamar mita 200 ba, iska na gauraya shi.