Neman shawara kan shirin hawan Dutsen Kilimanjaro

Mazaunin Kano:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da niyyar hawan Dutsen Kilimanjaro na ƙasar Tanzaniya a watan Agusta in Allah ya kai mu, kuma masu jagorar da na tuntuɓa a garin Moshi sun ba ni zaɓi biyu: hanyar Marangu ta kwana 5, wadda ake kwana a ɗakuna, ko hanyar Lemosho ta kwana 8 a cikin tanti, wadda ta fi tsada. Shekaruna 41, ina hawa Dutsen Dala sau biyu a mako, amma ban taɓa zuwa wurin da ya fi Jos tudu ba. Shin ƙarfin jikina zai ishe ni in bi gajeriyar hanyar, kuma me ya kamata in tanada?

Wanda ya hau bara:
Wa alaikumus salam Malam. Idan aljihu zai iya, ka ɗauki Lemosho, domin abin da ke mayar da mutane ƙasa ba kasawar ƙafa ba ne, ƙarancin iska ne. Ƙololuwar dutsen, wadda ake kira Uhuru, tana da tsayin mita 5,895, kuma iskar da huhu ke samu a can kusan rabin wadda ka saba da ita ce a gida, saboda haka jiki sai ya ɗauki kwanaki kafin ya saba. A hanyar Lemosho akwai ranar da za ku hau har Lava Tower, wajen mita 4,600, sannan ku gangara Barranco ku kwana, kuma wannan hawa da saukar shi ne ke horar da jiki.

A ayarinmu akwai wani saurayi da ya fi mu duka ƙarfi, kullum yana gaba, jagora yana ta ce masa "pole pole", wato sannu-sannu da Swahili, bai ji ba. Da muka isa zangon Barafu ya kasa riƙe ko shayi a cikinsa, dole aka sauko da shi. Mu kuwa mun tashi daga nan da tsakar dare muka nufi ƙololuwa, cikin sanyin da ya sa ruwa ya daskare a bakin gorata, har sai da na cusa ta cikin safa na sa a ƙirji.

Ma'aikaciyar jinya:
Ɗan'uwa, kafin ka biya ko sisi, ka je a gwada maka rukunin jini na sikila. Mai AS yana iya rayuwa lafiya lau a gida, amma a wuri mai tsayi irin wannan saifarsa tana iya samun matsala mai tsanani, kuma mu da wannan jini ya yawaita a cikinmu bai kamata mu yi sakaci ba. Ka tambayi likita kan maganin Diamox, wanda ke taimaka wa jiki ya saba da ƙarancin iska. Ciwon kai da tashin zuciya kan samu mutane da yawa, amma idan ka ga kana haki alhali kana zaune, ko tari ya kama ka, ko kana tangaɗi, ko tunaninka ya rikice, to ka gaya wa jagora nan take ku sauka, kada ka ɓoye saboda kuɗin da ka kashe. Kada kuma ka manta da katin allurar rigakafin cutar shawara.

Wanda ya hau bara:
Hajiya ta faɗi gaskiya. Ƙari a kai, ka sayi takalmin hawa tun yanzu ka riƙa zuwa Dala da shi har ya saba da ƙafarka. Ka tanadi riguna masu ɗumi da za ka jera ɗaya bisa ɗaya, da safar hannu, da tocilan ta goshi. Jakar da 'yan dako za su ɗaukar maka kada ta wuce kilo 15, kuma ka ware kuɗin ihsaninsu daban, domin su ne ke riga ku isa zango su kafa tanti su dafa abinci.

Mazaunin Kano:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Gobe zan je gwajin jinin, idan sakamako ya yi kyau kuma zan sanar da su cewa Lemosho na zaɓa.