Waƙa ɗaya tilo: shawarwari ga masu haɗa kiɗan taro

In za a saka waƙoƙin mawaƙan da aka sani da waƙa ɗaya tilo a taro, abin da aka fi nanatawa shi ne a duba wane bugu na waƙar aka sauke. "Macarena" ta Los del Río da ta yi mako 14 a saman jadawalin waƙoƙi na Billboard na Amurka a 1996 ita ce wadda Bayside Boys suka sake haɗawa da baitocin Turanci. In ka saka ta asali ta 1993, sai masu rawa su tsaya cirko-cirko suna jiran baitin da ba zai zo ba.

An kuma ce kar a jera irin waɗannan waƙoƙi biyu, kuma a yanke bayan amshi na biyu, domin amshin kawai mutane suka haddace.

Mawaƙi Psy kam an yi gardama a kan ko yana cikin masu waƙa ɗaya tilo: a waje "Gangnam Style" aka sani, amma a Koriya ta Kudu ya daɗe da yin suna kafin waƙar ta fito a 2012.