Littafin bincike ta kunne: me ya sa labarin yake kuɓucewa?

Makaranciya:
Assalamu alaikum. Masu sauraron littattafan murya, ina neman haske. Labarin zamani, irin na gida da aure da wurin aiki, yana shiga kunne ba wahala. Amma na binciken kisa da na tarihi, kafin a kai rabi an rikice, ba a san wane ne wane ba. Laifin mai karantawa ne ko na mai sauraro? Sannan littafi guda data nawa yake ci?

Tsohon Malami:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ginin labaran ne ya sha bamban. Marubucin bincike yakan ɓoye alama cikin jumla guda: agogon bango ya tsaya ƙarfe tara, ko takalmin baƙo ya jiƙe alhali ba a yi ruwa ba. A takarda ido yana komawa baya ya duba, a kunne kuwa in ta wuce ta wuce. Mai karatu yana furta kalma wajen 150 a minti ɗaya. In hankalinki ya tafi wajen miya na minti biyu, kin rasa kalma 300, kusan shafi guda ke nan, kuma wataƙila nan alamar take.

Don haka ki bar na bincike a gudun 1x, wato saurin karatu na asali, ki saita maɓallin komawa baya a daƙiƙa 30. In a kan gado ne, ki saita manhajar ta tsayar da karatun da kanta bayan minti 15. Na zamani yana jure 1.25x, har ma 1.5x.

Hajiya Mai Littattafai:
Gaskiyar Malam. Na tarihi kuma sunaye ne matsalarsa. Mutum ɗaya a kira shi da sunansa a nan, a ce Galadima a can, gaba kuma a kira shi da laƙabi, sai kunne ya ɗauka mutum uku ne. Ki ajiye takarda, ki rubuta suna da sarauta a babi ukun farko, ya wadatar.

Mai karantawa ma yana da nasa laifin. Wanda ya canja murya da yawa in ya zo kan mai laifi ya tona asiri tun da wuri. Muryar kwamfuta kuwa, a Hausa ina ƙin ta ƙwarai: rubutunmu ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, sai ta karanta garin tuwo kamar garin Kano. A LibriVox, inda 'yan sa kai suke karanta tsofaffin littattafai kyauta tun 2005, ki zaɓi wanda mutum ɗaya ya karanta daga farko har ƙarshe, domin wasu kowane babi da muryarsa.

Mai Gyaran Waya:
Batun data, fayil ɗin sauti na MP3 mai 64 kbps (ma'aunin ingancin sauti ke nan) yana cin kusan MB 29 a awa, littafin awa 10 bai kai MB 300 ba. Mai 128 kbps ninki biyu ne, kuma ga magana zalla ba ya ƙara wani abin kirki.

Ki duba lambobin fayil tukuna, Anti. In an sa 1, 2, har 10, wasu manhajoji sukan jera su 1, 10, sannan 2, sai ki ji an kama mai laifi kafin a yi kisan. Ki mayar da su 01, 02, 03. Kuma ki yi amfani da manhajar littattafan murya, irin Smart AudioBook Player a Android, domin tana riƙe inda kika tsaya.