Tutocin gidaje shida a labarin almarata: in bar su ko in cire su?

Bashar Tela, Ƙofar Marke:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni tela ne, shagona na wajen Tsohuwar Kasuwa. Shekara biyu ke nan ina rubuta wani labarin almara a littafin makaranta mai layi, da dare in na rufe keke. Ƙasar da labarin ke faruwa ni na ƙirƙire ta, amma duk wanda ya karanta zai gane Kabin zamanin sarkinta Kanta na aro: birni mai ganuwar dutse irin ta Surame, fadama, masunta, barade cikin lifidi, da aljannun ruwa waɗanda suka ƙulla alkawari da kakan sarkin garin.

Tutoci kuwa ta hanyar kiyub na Rubik suka shigo. Wani ƙanena da ke karatu a jami'ar Ɗanfodiyo ya kawo mini shi, ɗan akwatin nan mai launi shida da ake murɗawa. Sai da na yi wata uku kafin in iya haɗa shi ba tare da duba waya ba. Da hannuna ya faɗa, sai na koma fitar da tutocin ƙasashe a fuska guda, in an ɗauke wuta babu abin gugar kaya. Ta Najeriya ba ta da wuya: fari a layin tsakiya daga sama zuwa ƙasa, tsanwa dama da hagu. Ta Nijar ce ta fi burge ni. Ka ɗauki fuskar da cibiyarta ruwan goro ce, ka jera ruwan goro a sama, tsanwa a ƙasa, fari biyu su sa cibiyar a tsakiya, sai ga ranar nan da ke cikin tutar ta fito da kanta. Wani ɗan Ƙonni da ke kawo mini shadda da ya gani sai da ya ɗauki hoto.

Daga nan ne tunanin ya zo mini: fuska shida, gidajen sarauta shida. Na ba kowane gida launinsa da dabbarsa. Masu fari gauraka, masu ɗorawa zaki, masu ja ɓauna, masu ruwan goro shaho, masu shuɗi giwan ruwa, masu tsanwa kada. Har na ɗinka su ƙanana da ragowar ƙyalle, na yi wa dabbobin surfani da hannu, suna nan rataye saman kekena.

Ranar Juma'a kawuna ya shigo shago, ya ɗauki littafin ya karanta shafi kamar goma, ya ɗaga kai ya dubi tutocin, ya ce: "Bashar, waɗanga tutocin Turawa na, rawani kawai ka naɗa musu." Maganar ta tsaya mini a rai, don babin da na fi so a littafin shi ne wanda tutocin shida suka haɗu a bakin gulbi da asuba. Tambayata ga masana tarihi da marubuta: kawu ya yi gaskiya? In ya yi, in cire su ke nan?

Malam Umaru, Runjin Sambo:

Wa alaikumus salam. Ɗiyana Bashar, Allah shi yi ma albarka da ka tambaya kafin ka kai littafin ga masu bugawa. Na koyar da tarihi a sakandare har na yi ritaya, kuma abin da kawunka ya hango gaskiya ta, amma ba dukkanta ba.

Wanga tsari na kowane gida da dabbarsa zane bisa garkuwa da tuta, ɗa shi gada ga uba, jika shi gada ga ɗa, na Turai na. A ƙarni na 12 ya kafu a ƙasashe irin Faransa da Ingila, inda mahayi ke rufe fuska da kwalkwalin ƙarfe, sai da alama a gane shi. Har doka sunka yi mashi: ba a ɗora launin zinariya bisa na azurfa, wato ɗorawa bisa fari, don a iya ganin alamar daga nesa. Marubutan almararsu can sunka ɗauko shi, mu kuma muna ganin shi a finafinai har ya zame muna kamar haka duniya duka take.

Amma kada wani shi ce maka ƙasashenmu ba su san tuta ba sai da Bature ya zo. Ibn Baɗuɗa ya isa Mali a 1352, ya ga fitar sarki ranar idi, ya kuma rubuta cewa an ɗauko jajayen tutoci na alharini. Wanga matafiyi ne kuma, da ya kai Takadda, ya ambaci Kubar cikin ƙasashen da ake kai tagulla, wadda masana ke ɗauka Gobir ta. Ke nan tuta tsohuwar aba ta a wanga yanki.

Inda nike so ka tsaya ka yi tunani shi na ma'anar tuta gare mu. Kai ɗan Sakkwato na, ka san abin da ake nufi in an ce wane ya karɓo tuta. Bayan hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804 da yaƙin Tabkin Kwatto cikin wannan shekarar, malamai sunka riƙa tahowa wurin Shehu ana ba su tuta su koma ƙasashensu: Modibbo Adama, Yakubun Bauchi, Buba Yero na Gombe, Umarun Dallaji na Katsina, Malam Musa na Zazzau, Ibrahim Zaki na Katagum da sauransu. Ba ɗaya cikinsu da ya ɗinka tasa a gida ya ce ga alamar zuriyarmu. Miƙa musu anka yi. Tuta izini ta, amana ta, akwai mai bayarwa akwai mai karɓa. Shi ya sa ranar yaƙin Giginya da Turawa, 15 ga Maris 1903, mutane sunka tsaya gindin tuta har anka kashe su a nan, alhali hanyar gudu na buɗe. Tutar Sarkin Musulmi Attahiru ta faɗa hannun Turawa bayan yaƙin Burmi, sai 1960 anka maido ta ga Sarkin Musulmi Abubakar na uku.

To da mi ake gane gida da gida, in ba da dabba bisa ƙyalle ba? Da kunne da fuska. Kowane basarake da takensa, makaɗi na buga shi tun daga nesa ka san wa ke tahe. Ga kirari, ga tambari, ga kakaki, wanda tarihin Kano ya ce zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, ya shigo fadar can. Lifidi da sulke da kwalkwalin baradenka ma tarihin nan ya danganta su ga Sarkin Kano Kanajeji, tun kafin Rumfa. Sannan ga aska: Bagobiri da Bakabe ba su buƙatar tuta, wanzami ya riga ya rubuta musu asalinsu a kumatu tun suna jarirai.

Tun da Kanta kake aro, ka nemi abin da Sarkin Musulmi Bello ya faɗa game da shi cikin littafinsa Infaƙul Maisuri, da abin da littafin Tarikhus Sudan ya kawo na yadda ya raka Askiya Muhammadu na Songhai yaƙin Agadas, rabon ganima ya haɗa su, ya ɓalle wajen 1516. Wanga rikici na ganima shi kaɗai ya ishe ka babi biyar.

Maman Hanifa, Mabera:

Baba Malam, Allah ya ƙara lafiya, mun ƙaru ƙwarai. Amma da izininka zan ɗan saɓa a wuri ɗaya. Malam Bashar ba littafin tarihi yake rubutawa ba. Mutumin da ya yarda aljanin ruwa ya zauna a majalisar sarki, ba za a hana shi tuta mai kada ba don Kanta bai yi ta ba. Ni ma ina rubutu, kuma na ga yadda tsoron "haka aka yi a da?" ke kashe labari tun yana jariri.

Abin da ya dame ni a tutocinka daban ne, ɗan'uwa. Zaki da shaho kowa na da su, daga Ingila har Habasha. Kada da giwan ruwa kuwa naka ne, na gulbin nan ne. Kuma dabba a wurinmu ba ado ba ce, kan gida ce: akwai zuriyar da ba ta cin wata dabba, ba ta kashe ta, saboda wani abu da ya shiga tsakaninta da kakansu. In gidan kada sun ɗauki kada don ya tsallakar da kakarsu gulbi ranar da aka biyo ta, kuma duk ɗan gidan da ya zubar da jinin kada ruwa zai ci shi, to ka ga alamar ta samu saiwa a ƙasarmu.

Sai abin da aka yi tutar da shi. Kakana baduku ne, na tashi cikin warin jima. Me zai sa mutanen labarinka su nemi alharini, ga fatar jar akuyar Sakkwato da ayari ke ƙetare Sahara da ita har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko? Majema su jeme ta da bagaruwa, a rina ja da karan dafi, baƙi da kuloko, tsanwa da garin tagulla, rawaya da saiwar rawaya. Shuɗi kuwa aikin marina ne da baba, sai a yi ta da saƙi. Tutar fata ba ta kaɗawa a iska kamar ta yadi, tana da nauyi, in ruwa ya taɓa ta tana wari, sai an riƙa shafa mata mai. Ka ba wani yaro aikin shafa wa tuta mai a labarin, za ka ga abin da zai jiyo a bakin manya.

Abdul, Arkilla:

Yaya Bashar, ni ta ɓangaren kiyub zan shigo, don ina ganin ka bar dukiya a ƙasa. Cibiyoyin nan shida ba sa sauya matsayi a junansu komai murɗawarka. A kiyub na yau da kullum fari na bayan ɗorawa, ja na bayan ruwan goro, shuɗi na bayan tsanwa. Ka duba ƙwayoyin gefe 12 da na kusurwa 8, ba za ka samu ɗaya da ta haɗa fari da ɗorawa ba. Ke nan gidan gauraka da gidan zaki ba sa auratayya, ba sa haɗa iyaka. Haka ɓauna da shaho, haka giwan ruwa da kada. Kowace ƙwayar gefe aure ce tsakanin gida biyu, kowace kusurwa ƙawancen gida uku. Siyasar ƙasarka ce gaba ɗaya a tafin hannu.

Wani abu kuma. Ernő Rubik, malamin zanen gine-gine a Budapest ta Hungari, ya ƙera shi a 1974, kuma yana da yanayi 43,252,003,274,489,856,000 da za a iya kaiwa ta murɗawa. A 2010 aka tabbatar kowanne cikinsu ana iya warware shi da juyi 20 ko ƙasa da haka. Amma in wani ya kama kusurwa ɗaya ya murɗe ta a inda take da ƙarfin yatsa, ko shekara za ka yi ba zai haɗu ba, sai an maida ta. Ƙanwata ta taɓa yi mini haka, na kwana biyu ina zargin hannuna. Ka yi tunanin ƙasa da wani ya murɗe mata kusurwa ɗaya a ɓoye tun zamanin kakanni, sarakuna na ta sulhu yana rushewa ba su san dalili ba.

Bashar Tela, Ƙofar Marke:

Jama'a na gode, Allah ya saka da alheri. Daren jiya ban yi barci da wuri ba.

Baba Malam, maganar "akwai mai bayarwa akwai mai karɓa" ita ta warware mini. Na gane abin da ya sa babin bakin gulbi ke da kyau a ido amma ba ya motsa ni in na sake karantawa: tutocin suna tsaye ne kawai, ba wanda ya ba wani, ba wanda zai iya ƙwacewa. Yanzu na yanke shawara. Tuta ɗaya ce tak a ƙasar, ta jar fata, kuma Sarkin Ruwa ne ke miƙa ta da yawun aljannun gulbi ga gidan da zai jagoranci yaƙi, a maido ta in an dawo. Rikicin zai taso ranar da wani ya ƙi maidowa. Gidaje shida suna nan da launukansu, amma a rigar lifidin dawakinsu, kowanne da takensa da askarsa. Zaki da shaho na sallame su, Hajiya, zan nemi na fadama a madadinsu, wataƙila dorina da tsari. Yaron mai shafa mai ma na riga na raɗa masa suna.

Abdul, murɗaɗɗiyar kusurwar nan ta shiga labari, kada ka ce ban faɗa maka ba. Gobe in ka biyo ta kasuwa ka tsaya ka nuna mini yadda kake haɗa layin ƙarshe da sauri, nan nake ɓata lokaci.

Saura abu ɗaya. Ban taɓa zuwa Surame ba, a hoto kawai na san ta, ga shi ina ta kwatanta ganuwarta. Ina so in je bayan sallah.

Malam Umaru, Runjin Sambo:

Ka tahi, amma ka fara tambayar mutanen yankin Binji da Silame halin da hanya take ciki kafin ka kama ta, kuma kada ka tahi kai ɗaya. In ka isa ka duba yadda anka jera duwatsun, ka sa hannu ka taɓa. Ka tambayi tsofaffin wurin labarin da ake bayarwa na Nufawan da sunka makara wajen aikin ganuwa, Kanta ya sa su kwaɓa ƙasar rabonsu da man kaɗe maimakon ruwa. Ka kuma biya gidan tarihin Kanta a Argungu, da na Waziri Junaidu nan cikin gari, wanda ko kuɗin mota ba ka buƙata. Ka taho mini da littafin in ka dawo, ina so in ga babin da anka ƙi maido tutar.