Me za mu kira "makro" da Hausa?

1/ Yaron da ke koyon ɗaukar hoto a wurina ya tara kuɗi, mahaifinsa zai cika masa, yana son sayen gilashin kyamara na makro. Ya ce, "Oga, tsohon samfurin Canon zan ɗauka ko sabon?" Kafin in amsa, mahaifin ya tare ni: "Malam, shi makro ɗin nan mene ne?" Na buɗe baki na rasa kalmar da zan ba dattijon. Abin ya tsaya min a rai, shi ya sa na kawo muku shi.

2/ Mu fara da aikinsa. A cikin babbar kyamara akwai farantin da haske ke sauka a kai, milimita 36 tsawo, 24 faɗi. Makro na gaske shi ne wanda idan ka matsa, abu mai santimita 1 zai sauka a kan farantin da girmansa na santimita 1 cif. Shi muke cewa ɗaya-da-ɗaya. Kwanaki na ɗauki hular kube da shi: kowane zare ya fito kamar igiya, har inda mai ɗinki ya sake soka allura a rami ɗaya ana gani. Mai hular da kansa bai taɓa lura da wurin ba.

3/ Su ma masu ƙera shi bakinsu bai zo ɗaya ba. Canon na rubuta Macro, Nikon na rubuta Micro-Nikkor. A Girkanci macro na nufin babba, micro ƙarami. Wani ya dubi hoton, wani ya dubi abin da aka ɗauka. To don me za mu riƙe aron nan gam?

4/ Wani abokin sana'a ya ce "mai zuƙowa". Wannan ban yarda da shi ba ko kaɗan, domin zuƙowa aikin wanda ke jawo na nesa ne, kuma nan ake cutar sababbin shiga a kasuwa. Za ka ga dogon gilashi mai milimita 70-300 an rubuta makro a jikinsa, alhali iyakarsa rabin girman abu. "Madubin kusa" zai rikice da madubin likita. "Mai kambamawa" kuwa, kambamawa akwai ƙarin gishiri a ciki, shi kuwa gilashin nan ba ya ƙara komai, abin da ke wurin yake tonowa.

5/ Ni dai na tsaya a kan IDON ƘWAƘWAF. Dama muna cewa idon kyamara, kuma kowa ya san binciken ƙwaƙwaf. Hoton da aka ɗauka da shi sai ya zama hoton ƙwaƙwaf.

6/ Da wannan sunan na koma wa dattijon. Na ce, "Baba, duka biyun idon ƙwaƙwaf ne." Na Canon mai milimita 100 da ya fito a 2000 da wanda ya biyo shi a 2009 mai jan zobe, dukkansu suna kai ɗaya-da-ɗaya, buɗewar ƙofar da haske ke shiga a cikinsu ɗaya ce, 2.8. Abin da sabon ya fi da shi, yana maganin rawar hannu, kuma an toshe shi daga ƙura da danshi. Mai aiki cikin hazon hunturu ba zai raina wannan ba. Sai dai maganin rawar hannun ƙarfinsa na raguwa yayin da kake ƙara matsowa. A ɗaya-da-ɗaya numfashinka kaɗai ya isa ya kawar da wurin da ka saita. Wanda zai ɗora kyamara a kan mazauninta mai ƙafa uku ya ɗauki zobe ko turare a shago, tsohon ya wadatar da shi, rarar kuɗin ya sayi fitila. Wanda zai bi lallen amarya a gidan biki da hannu zalla, cikin ɗaki mai duhu, sabon ne nasa.

Yaron nan shago yake zama, don haka tsohon muka nema masa, na hannu, bayan na haska cikinsa da tocila na tabbatar babu fumfuna.

7/ Saura maganin rawar hannun nan. Ya yi tsawo a baki. Wa ke da gajeriyar kalma?