Kamun manyan kifin sinafa da koton roba a Hauraki

Masuntan mashigin tekun Hauraki a Niyu Zilan bakinsu ya zo ɗaya: a kashe inji, a bar iska da igiyar ruwa su ja jirgin, domin ƙara tana korar manyan sinafa, wani kifin teku da ake kira snapper da Turanci. A wurga koton can gaba inda jirgin ya dosa, a bar shi ya nutse a hankali, galibi a nan babba yake cafka. Saboda haka dalmar ƙugiya kada ta yi nauyi, iya wadda za ta kai ƙasa. Batun launin koton kam an sha musu, babu wanda ya gamsar da ni. Asuba da magariba sun fi albarka. Doka ta yarda mutum ya kama sinafa 7 a rana, kowanne santimita 30 zuwa sama.